Muryoyin da Yaya Rabi Ta Karɓa Ajiya

Da kakar bana Yaya Rabi ta cika shekara bakwai da rasuwa. A jami'a Dakta Rabi suke ce mata, amma mu a Kademi ba mu taɓa sauya mata suna ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, ita ce kuma ta fara zane ni a kan ƙin zuwa makaranta. Ni malamin gona ne a Ajingi, ban saba rubutu a jarida ba, kuma duk shekarun nan ban ga abin da zan ƙara mata a kan addu'a ba. Bana ne wani abu ya faru a gidanmu da ya sa na ga ya kamata in gaya wa mutane wace ce ita.

Kwamfuta ta karanta, abin da ya jawo mata wahala ke nan a wajen dangi. Duk sallah in ta zo gida sai a yi mata layi da matattun wayoyi, wannan ta faɗa rijiya, waccan ba ta ɗaukar caji. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita ba gyara take yi ba. Aikinta shi ne binciken yadda yarda take kasancewa tsakanin mutane idan na'ura ta shiga tsakaninsu: wa ake ba sirri, wa yake riƙewa, wa yake tonawa, kuma mene ne ya halatta masu ƙera waɗannan abubuwa su yi da abin da suka ji daga bakinmu. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa wahalar da kansa da dogon bayanin ba. In an tambaye shi me Rabi take koyarwa a birni, sai ya ce amana take koyarwa, ya ci gaba da abin da yake yi.

A ɗakin mahaifiyarmu binciken ya samo asali. Da waya ta shigo hannun kowa muka saya wa Inna tata, muna ganin mun yi abin kirki. Inna ba ta karatun boko, don haka duk saƙon da ya shigo sai ta nemi mai karanta mata, lambar sirrinta ma a kanmu take, ba a kanta ba. Matar da ta shekara hamsin ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin gadonta, rana ɗaya ta wayi gari maganarta da ƙanwarta sai ta bi ta bakin ɗanta kafin ta iso kunnenta. Mu ba mu ga komai a ciki ba. Yaya Rabi ce ta lura Inna ta daina aika wa kowa saƙo, in ta matsu sai ta yafa mayafi ta taka da ƙafarta. Daga nan ta ɗauki tambayar da ta ci sauran rayuwarta: me yake faruwa tsakanin tsohuwa da 'ya'yanta idan sirrinta ya koma hannunsu?

Ni ne direbanta a wannan aiki, kuma ban taɓa yi ba tare da mita ba. A bayan mashin ɗina ta zaga Balan da Gafasa da ƙauyukan da ke tsakani, da jakarta da ƙaramin rikoda a ciki. Abin da yake ba ni haushi, zuwan farko ba ta fito da rikodan ko kaɗan. Gaisuwa ce kawai, da tambayar jikoki da yabanya, wani lokaci ta zauna ta taya ɓarar gyaɗa. Sai a zuwa na biyu ko na uku take faɗar abin da ya kawo ta. In tsohuwa ta yarda suka yi hirar, sai ta mayar mata da abin da aka ɗauka ta saurara da kunnenta, sannan ta sake tambayarta ko a bari ko a goge. Sau da yawa na ƙone a rana tun hantsi har azahar, ta fito tana murmushi ta ce matar ta ce a goge, ta kuma goge. In na ce to man da muka ƙona fa, sai ta ce in ja mashin mu tafi, surutuna ya yi yawa.

Alkawari ɗaya take yi wa kowacce, kuma na ji shi har na haddace: ba wanda zai ji muryar sai ita kaɗai, in ta rubuta abin da aka faɗa za ta sauya suna da gari, ranar da ta gama littafinta kuma za ta goge komai. A wajen aikinta an fi son takardar da za a dangwala wa yatsa. Ta yi ta jayayya da abokan aikinta a kan haka, tana cewa yatsan wanda bai san abin da ke rubuce ba ba yarda ba ce, tawada ce kawai. Takardar tana cikewa don doka, amma ba ta taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Wannan tafiyar hawainiya ta ja mata. Waɗanda suka fara aiki tare sun zama farfesoshi tana nan tana zarya tsakanin Gaya da Ajingi. Ya dame ta, ba zan ɓoye ba, don mutum ce mai son a san ta iya. Amma bai sa ta ƙara sauri ba.

Akwai wani abu game da ita da sai wanda ya san gidanmu zai gane. Matar nan ta hau jirgi ta je ƙasashe ta tsaya gaban Turawa ta yi jawabi, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari a gabanta ba. Safiya sunan yarinyar. Tun da aka yaye ta aka kawo ta wajen Inna a Kademi, kamar yadda aka saba, a nan ta girma har ta shiga sakandare. In Yaya Rabi za ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan", in za ta kira ta sai ta ce "ke". Ba ta yaba mata a ido, ba ta dariya da ita yadda take yi da ƙannenta maza biyu. Na sha tsokanar ta cewa duk bokon nan bai cire mata kunyar 'yar fari ba. Sai ta harare ni ta ce boko bai ce a daina kunya ba.

To amma a gidajen tsofaffin nan wata Rabin ce daban. Ni a zaure nake tsayawa ko gindin bishiya, ba na jin abin da ake faɗa, sai dai dariyarta takan tsallako katanga, irin wadda ban san tana da ita ba. Dabararta kuwa, ba ta fara tambayar mace labarin 'ya'yanta sai ta fara ba da labarin tata 'yar. Sau ɗaya ko biyu iska ta kawo mini sunan Safiya daga bakinta, ƙarara, ba "yarinyar nan" ba. A zaman makoki na gaya wa Safiya wannan don in sanyaya mata zuciya. Ashe ta adana maganar.

Ciwon bai ja lokaci ba. Ana tsakiyar yankan gero ta kwanta, kafin a gama shigar da dawa mun binne ta, littafin kuma bai kai ƙarshe ba. Mijinta ya riga ta rasuwa, don haka ni na tsaya a kan rabon gado. Malamin da ya zo ya yi tambayar da ake yi kafin a taɓa komai: akwai ajiyar wani a cikin kayan nan? Muka fito da sarƙar wata maƙwabciya da littattafan ɗakin karatun jami'a, aka ware su gefe don a mayar wa masu su. Akwai wani ɗan akwatin ajiyar bayanai na kwamfuta, baƙi, bai fi tafin hannu ba, wanda ta zuba duk hirarrakin a ciki. Aka ɗora shi a kan kwamfutarta aka lissafa shi cikin kaya, ya faɗo a rabon Safiya. Mu duka da muke zaune a wurin, da malamin da dattawan, mun san ajiyar zinare da ta hatsi da ta dabba. Ba wanda ya taɓa jin an ba da murya ajiya, saboda haka ba wanda ya yi tunanin ware ta.

Akwatin a kulle yake da kalmar sirri, kuma mutum ɗaya ta ba wa kalmar, ɗalibinta Kabiru, wanda ya yi digirinsa na uku a hannunta. Haka abin ya zauna shekara da shekaru, akwati a wajen Safiya, mabuɗi a wajen Kabiru. Ita tana jin nauyin tambayarsa, shi yana jin nauyin tayar mata da maganar mahaifiyarta.

A cikin shekarun nan duniyar da Yaya Rabi take bincike ta yi gaba ta bar mu muna kallo. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Lokacinta abin tsoron shi ne wani ya karanta maka saƙo. Yanzu ana iya ɗaukar muryar mutum a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, a tura wa mutane, su rantse shi ne. Na ji irin wannan da kunnena a wayar wani abokin aikina, muryar wani malami da na sani, tana faɗar abin da ko a mafarki ba zai faɗa ba. Mutum yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, ɗan'uwansa zai ɗauke shi hoto ya watsa a zaurukan waya da sunan neman addu'a. Rasuwa kuwa, da sai a tashi mutum takanas ya je ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa, yanzu uwa tana iya ganin hoton ɗanta da "Allah ya ji ƙansa" a ƙasa kafin kowa ya ƙaraso ƙofar gidanta.

Ba na jin za ta ce a jefar da wayoyin a rijiya. Ba ta cikin masu zagin zamani, ita ce ma ta fara koya mini tura hoton ganyen da cuta ta kama zuwa ga masana a birni. Ina jin dai za ta yi tambayar nan tata mai ban haushi, wadda take yi ko a kan abin da bai kai ya kawo ba: an tambayi mai abin? Ni kaina yanzu da ƙirƙirarriyar basirar nan ta kwamfuta nake gyara rahoton ofis, kuma ina jin daɗinta, ba zan yi ƙarya ba. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi daga bakin wa ta koyi maganar da take yi mini ba.

Da damina ta bana Kabiru ya zo Kademi. Yanzu shi ma Dakta ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya same ni a gidanmu na gado, aka aika aka kira Safiya, wadda take aikin jinya a Gaya, da aurenta da 'ya'yanta. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shi da abokan aikinsa suna haɗa wata manhaja da manomi ko matar gida za su yi wa magana da baki, su tambayi maganin tsutsar masara ko abin da za a yi wa yaro mai zazzaɓi kafin a kai shi asibiti, ta ba su amsa da Hausa. Matsalar ita ce na'urar Hausar 'yan boko da ta rediyo kawai take ganewa. In tsohuwar ƙauye ta yi mata magana sai ta rikice. A cikin akwatin Malama kuwa, in ji shi, akwai irin Hausar da suke nema, wadda ba za a same ta a ko'ina ba.

Ni dai nan take maganar ta shige ni. Na san manoman da suka yi asarar gona guda don ba su sami wanda za su tambaya a kan lokaci ba, mu malaman gona kuma ba mu da yawan da za mu kai ko'ina. Na ce ai wannan sadaka ce mai gudana ga marigayiyar. Safiya ta ɗago kai ta ce:

"Kawu, ni ba ruwana da na'urarsu. Ina da bidiyon laccocin Umma, duk da Turanci, tana tsaye kamar ba ta san kowa ba. Wannan ba ita ba ce. Kai ka ce mini a cikin akwatin nan ta faɗi sunana. Sau ɗaya nake so in ji."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana irin wannan a kan mahaifiyarta ba, tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na juya na tambayi Kabiru ko ba za a iya tsame muryar Yaya Rabi ita kaɗai a bar ta tsofaffin ba. Ya ce ana iyawa, amma ba zai yaudare mu ba, tambaya takan tona amsa. In ka ji an ce "to da ya yi miki haka, kin gaya wa mahaifinsa?" ka riga ka ji rabin labarin. Ya ce shi ma tun daga Kano zuciyarsa take rawa, don ya san abin da Malama za ta ce. Ya kawo shawarar a yi yadda take yi, a je a tambayi masu muryoyin. Ni kaɗai na san gidajen, don haka na sake zama direba, wannan karon a motar Kabiru.

Gafasa muka fara zuwa. Gida na farko tsohuwar ta rasu, na biyu ma haka, na uku sun tashi da shanunsu tun bara. A hanya na ce to mu tambayi magada mana. Kabiru ya tuna mini abin da na manta: hirar ai a kan 'ya'yan aka yi ta. Magadan da za mu nemi izininsu su ne mutanen da aka yi maganarsu a ciki. Muka yi ta'aziyyar da ta makara, muka sha fura, muka fito ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba.

A Balan muka sami mai rai guda ɗaya, Iya Falmata. Kakanninta daga gabas suka zo tun da daɗewa, fatauci ya zaunar da su. Na tuna ta mace mai faɗa da ƙarfin murya, yanzu idonta ya tafi, jikin ya ƙanƙance. Ɗanta ne ya tarbe mu, magidanci mai fara'a. Shi ya riƙo hannunta ya fito da ita inuwa, ya gyara mata matashi a bayanta, ya ce mata 'yan'uwan Malama Rabi ne suka zo gaishe ta, sannan ya tafi nemo mana ruwa mai sanyi. Ta yi wa Yaya Rabi addu'a mai tsawo. Kabiru ya matso ya fara bayani a hankali, yadda aka koya masa. Bai kai ga maganar manhajar ba ta katse shi.

"Wace murya kuma, ɗan nan?"

"Hirar da kuka yi da Malama, Iya. Wadda ta ɗauka a rikoda."

Hannunta ya lalubo bakin tabarma ya riƙe.

"Ba ta goge ba? Ai ta ce za ta goge."

Ta juya fuskarta wajen ƙofar da ɗanta ya fita, ta rage murya har sai da muka sunkuyo.

"Yaron nan da kuka gani, a lokacin mun saɓa. Raina a ɓace yake, na faɗi abin da ko bayan raina ba na so ya ji. Ya shiryu tuntuni. Yanzu shi yake tashe ni, shi yake kwantar da ni. Ni duk shekarun nan na ɗauka maganar ta bi iska."

Safiya ce ta matsa ta kama hannunta. Ba tare da jinkiri ba ta ce:

"Ajali ne ya riga ta, Iya. Ba wanda ya ji, ko mutum ɗaya. Hirar tana wajena, kuma ni zan goge."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa hannun da ke riƙe da nata har zuwa wuyan hannu, ta tambaya wace ce wannan a wajen Rabi. Na ce 'yarta ce ta fari.

"Safiya ke nan," in ji ta.

Ba wanda ya faɗi sunan tun da muka shiga gidan. Safiya ta rufe fuskarta da mayafi. Da ta samu kanta ta tambaya me Umma ta ce a kanta. Iya Falmata ta yi ƙoƙari, na ga tana lalube a cikin kanta, amma tsufa ya ci yawancin abin. Ta ce ta dai san ta ce yarinyar ta fi ta haƙuri, sauran ya ɓace mata, sunan ne ya zauna saboda yawan faɗarsa da aka yi. Ɗanta ya dawo da ruwa ya tarar da mace tana kuka a gaban mahaifiyarsa, ya ɗauka na rashin uwa ne, ya yi ta ba ta haƙuri.

Da muka koma Kademi na yi ƙoƙarina na ƙarshe, don ni ma ina da abin da nake so a cikin akwatin nan. Dariyar da nake jiyowa ta bayan katanga ba ta ko'ina sai ciki. Na ce a goge na Iya Falmata, a bar na waɗanda suka rasu, tun da ba abin da zai same su yanzu. Safiya ta ce su ma abin da aka gaya wa Iya shi aka gaya musu, sun kuma tafi a kan an goge, 'ya'yansu kuwa suna nan da ransu. Kabiru ya buɗe kwamfutarsa a tsakar gida bayan la'asar, ya haɗa akwatin, ya shigar da kalmar da ya riƙe shekara bakwai, ya juya mata allon. Sunayen hirarrakin suka jeru, lambobi ne kawai, ba sunan mutum ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon su, yatsanta ba nisa da inda za ta taɓa ta ji. Ta tambaye shi ina ne wajen gogewa, irin wadda ba a dawo da ita. Ya nuna mata. Ni dai na tashi na fita ƙofar gida, ban iya tsayawa ba.

Na yi kwanaki ina jin haushin da ban san wa zan ɗora wa ba. Manhajar Kabiru ta koma baya, yanzu sai ya bi gida-gida da kansa yana neman masu yarda su ba da muryarsu don wannan aikin, suna sane da inda za ta je. Ya ce zai ɗauki lokaci, na ce na san irin lokacin, na ƙone a cikinsa. Safiya ta koma bakin aikinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai wata ranar Juma'a ta biya ta Balan ita kaɗai ta gaya wa Iya Falmata an gama.

In aka auna Yaya Rabi da ma'aunin jami'a, abin da ta bari ba shi da yawa: 'yan takardu a mujallun da ba wanda ya taɓa gani a Kademi, littafin da bai ƙare ba, da kujerar farfesa da ba ta hau ba. Babban abin da ta tara a shekarunta na aiki kuwa mu da hannunmu muka shafe shi. Wani lokaci nakan ce anya ba mu yi wauta ba, musamman in na tsaya a gonar da tsutsa ta cinye. Amma na ga ɗalibin da ya riƙe mabuɗi shekara bakwai bai leƙa ba, ya kuma yarda aikinsa ya ja baya. Na ga 'yar da aka hana jin sunanta a bakin uwa tun tana ƙarama, ta zo dab da ji, ta janye hannunta saboda wata tsohuwar da ba ta haɗa komai da ita ba. Ba a aji ta koya musu wannan ba, kuma ba na jin ta san ta koyar.

Allah ya ji ƙan Yaya Rabi, ya haskaka makwancinta, ya haɗa ta da iyayenmu a gidan rahama. Ina kewarta fiye da yadda nake nunawa. Ba zan ƙara jin dariyar nan ba, Safiya kuma ba za ta taɓa jin sunanta daga bakin da ta so ji ba. A Balan kuwa akwai wata tsohuwa makauniya da ɗanta yake riƙo hannunta kowace safiya ya fito da ita inuwa. Bai san abin da ta taɓa faɗa a kansa ba, kuma ba zai sani ba.